Yadda ake ba tumatir da attaruhu ruwa da taki a cikin kokofit, ga masu farawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda matasa da matan gida a yankinmu suka fara shuka tumatir da attaruhu a buhu da bokiti cikin kokofit, wato dusar ɓawon kwakwa ɗin nan da ake sayarwa a dunƙule, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa wajena, wani a waya wani a bakin kasuwa: malam na shuka ya fito da kyau amma bayan sati biyu ganye ya koma ɗorawa, ko kuma ya yi 'ya'ya sai gindin tumatir ɗin duk ya yi baƙi. Matsalar kusan ɗaya ce, ana ɗaukar kokofit kamar ƙasar fadama alhali babu abinci a cikinsa, aikinsa kawai ya riƙe ruwa da iska ya riƙe saiwa. Duk abin da shukar za ta ci kai ne zaka narka mata a ruwa ka ba ta. Wanda ya saba noman rani a Kadawa ko Kura ko Auyo, inda ake buɗe ruwa ya kwanta a fangali sai bayan kwanaki a sake, dole ya ajiye wannan sabon a gefe tukunna.

1. Kayan da zaka tanada

Bulon kokofit mai kilo 5, idan ya sha ruwa ya kumbura yana ba da lita 60 zuwa 70. Tumatir ɗaya yana son lita 10 zuwa 12, kaga bulo ɗaya zai ɗauke maka shuka biyar zuwa shida kenan, da wannan zaka yi lissafin bulo nawa zaka saya. Sai buhu ko bokiti da aka huda a ƙasa, da baho babba na jiƙo, da jarka mai lita 20 ko durum mai murfi, da ɗan sikeli mai auna giram irin na masu sayar da gwal ko na kicin.

Sai mita guda biyu, ta EC mai nuna ƙarfin taki da gishirin da ke cikin ruwa, da ta pH mai nuna tsami ko kanwar ruwa. Idan ba ka samu ta EC ba, mitar TDS da masu sana'ar fiyawata suke amfani da ita za ta yi, a yawancinsu 500 daidai yake da EC 1.0, 1000 kuma EC 2.0. Idan mitar pH ta yi maka tsada akwai takardar gwaji mai canza launi, ba ta kai mita ba amma ta fi babu.

Taki kuma kala uku ne: takin NPK mai narkewa duka wanda yake da ƙananan sinadarai a ciki irin ƙarfe da zinki da boron, sai kalsiyam naitiret, sai gishirin Epsom wato magnesiyam salfet.

Gargaɗi tun a nan: kamfa 15-15-15 da yuriya da muke watsawa masara ba na wannan aikin ba ne. Kamfa ba ya narkewa duka, yana barin laka, kuma ba shi da ƙananan sinadaran nan da ƙasa take ba shuka kyauta. Yuriya kuma tana buƙatar ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su juya ta kafin shuka ta ci sosai, a kokofit sai dai ta ƙona maka saiwa.

Maganar kuɗi, farashi yana motsi kullum saboda yawancin kayan daga waje ake shigo da su, don haka ka tambayi shago biyu ko uku na kayan noma a cikin Kano kafin ka biya. Mita da sikeli da bokiti sau ɗaya ake saye, kokofit yana yin zagaye biyu ko uku, takin ne kuɗin da zai riƙa fita a kai a kai. Shawarata ka fara da shuka 10 zuwa 20, kar ka kwashi kuɗin auren ka zuba a shuka ɗari biyu tun ba ka san hannunka ba.

2. Auna ruwanka tun kafin komai

Ɗebo ruwan da zaka riƙa amfani da shi, na rijiya ne ko na burtsatse ko na kanal, ka tsoma mita. Idan EC ɗinsa ƙasa da 0.5 ne alhamdulillah. Idan ya haura 0.7 ko 0.8 to ruwan yana ɗauke da gishirinsa tun daga ƙasa, kuma wannan gishirin zai cinye wurin takin da zaka sa. Akwai rijiyoyin da kowa a gari ya san ruwansu yana da zartsi, sabulu ma ba ya kumfa da kyau, irin wannan ka nemi wani ko ka gauraya shi da ruwan sama. Ruwan sama da aka tara a durum mai tsabta shi ya fi kowanne.

3. Jiƙa kokofit da wanke shi

Sa bulon a baho ka zuba ruwa kamar jarka ɗaya da rabi a hankali, ka bar shi ya sha, kana farfasa shi da hannu har babu sauran dunƙule. Bayan nan sai wanki, ka juye shi a buhun da ruwa ke tsiyaya ka riƙa zuba ruwa mai kyau yana fita ta ƙasa. Ruwan farko zaka ga ya fito ja kamar shayi, wannan launin ba shi ne abin tsoro ba, gishirin da ba ka gani shi ne, domin kwakwa bakin teku take fitowa kuma mai arha yawanci ba a wanke shi sosai ba. Tari ruwan da yake fita ka auna, ka cigaba da wankewa har EC ɗinsa ya sauko kusa da na ruwan da kake zubawa.

Ko an rubuta a jikin leda an wanke, kai dai ka auna. Minti biyu ne.

4. Shayar da shi kalsiyam

Wannan matakin shi ne mafi yawan mutane suke tsallakewa kuma shi ne yake dawo musu da kuka daga baya. Sabon kokofit yana riƙe da fotasiyam da sodiyam a jikin zarensa, kuma da zarar ka ba shi taki sai ya kama kalsiyam da magnesiyam ɗin ciki ya riƙe, ya saki waɗancan. Kai kana ganin ka ba shuka abinci amma kokofit ɗin ne ya ci kafin ya kai ga saiwa, shi yasa sabon ganye yake fitowa a murɗe, tsohon ganye ya yi ɗorawa, daga baya tumatir ya yi baƙin gindi. Maganin shi ne ka ƙosar da shi tun kafin shuka ta shiga.

Narka giram 20 zuwa 25 na kalsiyam naitiret a jarka mai lita 20, ka zuba a kan wankakken kokofit a baho har ruwan ya rufe shi. Bar shi ya kwana, daga magariba zuwa hantsi ya isa. Sai ka tsiyaye, ka ɗauraye sau ɗaya da ruwa. Idan kokofit ɗin mai arha ne sosai ka maimaita jiƙon karo na biyu, asarar kwana ɗaya ta fi asarar kaka guda.

5. Cika buhu

Mu nan ɓuntun shinkafa ba ya mana wuya, duk inda injin casa yake a Kura ko Hadeja tsibi ne. Ka gauraya kashi uku na kokofit da kashi ɗaya na ɓuntu, wanda aka babbake ya fi kyau, yana ƙara iska a wajen saiwa. Kar ka danna shi da ƙarfi a buhu, ka ɗan bubbuga kawai ya zauna. Ɗora buhun a kan bulon gini ko katako domin ruwa ya samu hanyar fita kuma saiwa kar ta huda ta shiga ƙasa ta kwaso tsutsar saiwa da ciwon cikin ƙasa da kake gudu tun farko.

Gargaɗi: baƙar leda ko baƙin bokiti a ranar Kano yana dafa saiwa. Yi amfani da farin buhu, ko ka lulluɓe bokitin da buhu ko kara. Kuma kar ka haɗa da ƙasa ko kashin shanu wai don ya ƙara ƙarfi, toshe iskar zai yi ya kawo cuta.

6. Haɗa ruwan taki

Idan takinka irin 4-18-38 ne da ake yi don tumatir, awon da aka saba shi ne a jarka mai lita 20: giram 12 na NPK ɗin, giram 6 na gishirin Epsom, giram 12 na kalsiyam naitiret. Wannan yana ba da EC wajen 1.5 zuwa 2.0, gwargwadon ruwanka. Idan lambobin da ke jikin takinka daban ne, bi awon da kamfanin ya rubuta sannan mita ta yi maka alƙalanci.

Jerin zubawa ba abin wasa ba ne. Cika jarkar da ruwa tukunna. Narka NPK a kofi ka juye ka girgiza, narka Epsom ka juye ka girgiza, kalsiyam naitiret shi ne na ƙarshe, shima a narka shi a kofinsa daban.

Gargaɗi: kar ka taɓa haɗa kalsiyam da sauran biyun a ɗan ruwa kaɗan. Za su kama juna su zama farin gari ya kwanta a ƙasa, wannan garin shuka ba za ta iya ci ba, kuɗinka ne ya kwanta a gindin jarka. Idan kana son haɗa mai kauri ka ajiye, gora biyu zaka yi, kalsiyam shi kaɗai a ɗaya, sauran a ɗayar, sai a babban ruwa za su haɗu.

Bayan ka gama haɗawa sai ka auna pH. Ana son ya tsaya tsakanin 5.8 da 6.2, in ya kai 6.5 ba laifi amma kar ya wuce. Idan ruwan burtsatsenka yana sama da 7, to saukar da shi zaka riƙa yi, da ruwan rage pH da masu kayan noma suke sayarwa, ɗigo ɗigo kana aunawa. Garin tsami na sitirik da masu zoɓo da lemo suke sawa shima yana yi amma ba ya daɗewa, washegari sai pH ya sake hawa, don haka wanda ka haɗa da shi ka ƙarar a ranar. Ruwan batir kuwa don Allah kar ka kusance shi, ga haɗarin ido da hannu ga dalma.

Rufe jarkar ka ajiye a inuwa. Ruwan da ya sha rana ya yi zafi yana kashe ƙananan saiwoyi, haske kuma yana kawo gansakuka. Yara ma a nisanta su da shi, ruwan fari ne tas sai a ɗauka na sha ne.

7. Ƙarfin taki daga reno zuwa girbi

A tiren reno, daga shuka har ya tsiro ruwa zalla ya isa. Da ganyen gaskiya na farko ya fito sai ka fara ba shi rabin ƙarfi, EC 0.8 zuwa 1.2, wato ka raba awon can biyu. Tumatir irin su UC82B da Roma yana isa dashe a sati uku zuwa huɗu, attaruhu da tattasai sun fi nawa tun daga tsiro, kar ka ƙosa ka ce irin ya mutu.

Bayan dashe ka hau zuwa 1.5 a hankali, zuwa sati na uku kana 1.8 ko 2.0. Idan fure ya buɗe 'ya'ya suka fara kamawa tumatir yana ɗaukar 2.0 zuwa 2.5, kuma a lokacin fotasiyam yake nema da yawa. Attaruhu ka tsaya masa wajen 2.0, bai kai tumatir juriyar gishiri ba.

Abin da nake so ya zauna a kan kowa: duk lokacin da zaka ba da ruwa, ruwan taki ne. Ba a yin yau taki gobe ruwa zalla. Ruwa zalla yana wanke kalsiyam ɗin da ka sha wahala ka shayar da kokofit ɗin, sai ka koma gidan jiya.

8. Yawan ruwa da lokutansa

Satin farko bayan dashe saiwa ƙarama ce buhu babba, ka ba da kamar kofi ɗaya ko biyu a gindin shuka sau ɗaya a rana, kar ka cika shi ya yi caɓa caɓa, ana so saiwa ta fita neman ruwa. Daga sati na biyu zuwa na uku sai ka ƙara, sau biyu a rana. Babbar shuka mai 'ya'ya tana shan lita 2 zuwa 3 a yini, da zafi ma ta wuce haka, kuma raba mata shi sau uku ko huɗu ya fi a juye mata lokaci ɗaya. Ni tsarin da nake ba mutane shi ne da hantsi, sai kafin azahar, sai bayan azahar idan rana ta yi tsanani, na ƙarshe da la'asar. Bayan magariba kar ka ba da, shuka ba ta sha sosai da dare, saiwa ce kawai za ta kwana a jiƙe.

Kowane ban ruwa, ko aƙalla na rana tsaka, ka zuba har ka ga ya ɗigo ta ƙasa, kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na abin da ka zuba, wato in ka ba da lita ɗaya kofin shayi ɗaya ya fito. Wannan ɗigon shi yake fitar da gishirin da ya taru, ba ɓarna ba ne. Tara shi ka ba bishiyar zogale ko mangwaro, amma kar ka bar buhu ya zauna a cikinsa ya sake tsotsewa.

Yadda zaka gane ya isa ba sai da mita ba. Ɗebi kokofit daga tsakiyar buhu ka matse a tafin hannu, idan ruwa ya ɗan fito tsakanin yatsu kamar tsumman da aka matse to daidai ne, idan ya zubo shaa ya yi yawa, idan ya watse launinsa ya yi haske ya bushe. Ka kuma saba ɗaga buhun bayan ban ruwa da kafin na gaba, hannunka zai koyi nauyin.

Gargaɗi: kar ka bari kokofit ya bushe ƙarau ko da yini ɗaya ne. Idan ruwa ya tafi gishirin yana nan, sai ya yi kauri a jikin saiwa ya ƙona ta, kuma bushewa da jiƙewa a jere shi yake fasa tumatir ya kawo baƙin gindi. Ranar kasuwa ko biki ko tafiya ta'aziyya ka bar wa wani amana, ka haɗa ruwan ka nuna masa kofin awo. Mai hali ya sa durum a bisa ya ja siririn tiyo mai ɗigo zuwa kowane buhu, ba ya buƙatar wuta.

9. Zafi da hunturu da damina

Daga Maris zuwa Mayu da zafin rana yake haura digiri 40, shuka ruwa take nema fiye da abinci. Ka rage ƙarfin takin da kamar 0.3 zuwa 0.5 ka ƙara yawan ban ruwa, ka yi rumfa da raga ko zana mai shara shara ta tare ranar azahar. Furen tumatir yana zubewa idan zafi ya wuce 35 ko da komai naka daidai ne, wannan ba yunwa ba ce, kar ka ƙara taki. Da hunturu kuma sanyi yana yaudara, iskar busasshiya ce tana shanye buhu, ka riƙa dubawa. Da damina, wanda shi ne lokacin da tumatir yake tsada a kasuwar 'Yan Kaba ta Kano kuma dalilin da yasa da yawa suke wannan wahalar, ka yi rufin leda a sama, in kuma ruwan sama ya daki buhunan to ya wanke takin, da ya ɗauke ka ba su ruwan taki ko da a jiƙe suke.

10. Duba ɗigo da karanta ganye

Sau biyu a sati ka tari ɗigon ƙasa ka auna. Idan ka zuba 2.0 ya fito 2.3 ko 2.5 lafiya lau. Idan ya fito 3.0 ko sama, ko ka ga farin gishiri a saman kokofit, ko bakin ganye ya ƙone, ka haɗa ruwan taki mai rabin ƙarfi ka zuba da yawa har ɗigon ya sauko, sannan ka koma awonka.

Ganye ma yana magana. Tsohon ganye na ƙasa ya yi ɗorawa jijiyoyinsa suna kore, rashin magnesiyam ne, ƙara Epsom kaɗan. Sabon ganye na sama ya yi ɗorawa ko fari fari, ƙarfe ne ba ya samu, kuma kusan kullum pH ne ya hau, shi zaka gyara ba ƙarin taki ba. Shuka gaba ɗaya ta koɗe ba ta girma, takin ya yi rauni. Baƙin gindi kuma kafin ka ruga sayen magani ka tambayi kanka ko buhun ya bushe a kwanakin baya, cire waɗanda suka lalace ka daidaita ban ruwa, na gaba za su fito lafiya. Shuka ta yi yaushi alhali buhu a jiƙe yake, tona ka duba saiwa, fara ce ko ta yi ruwan ƙasa tana wari, in ta biyun ce ruwa ya yi yawa ko hudar ƙasa ta toshe.

Idan kuwa ka ga farin zane a cikin ganye kamar an rarake shi, wannan sharon ne, tsutsar da ta cinye tumatirin Kano a 2016, ba ruwansa da taki kuma kokofit ba ya hana shi, tsinke ganyen ka ƙona ka nemi malamin gona.

11. Lissafin taki da sake amfani da kokofit

Shuka 20 masu 'ya'ya a lita 2 kowacce jarka biyu ne a rana, wato giram 24 na NPK, 24 na kalsiyam, 12 na Epsom. Kilo ɗaya na NPK zai kai ka kwana 40 kenan a wannan matakin, a farkon girma kuma ya fi haka daɗewa. Ka sayi wanda zai kai ka ƙarshen girbi tun da wuri, kalsiyam naitiret kuma a ɗaure bakinsa sosai domin yana jan laima ya narke a leda musamman da damina.

Bayan girbi yanke shukar, zazzage kokofit ɗin ka tsince saiwoyi, wanke shi har EC ya sauko, shanya shi a rana kwana biyu ko uku, sannan ka sake jiƙa shi da kalsiyam kamar mataki na 4 kafin sabon dashe. Buhun da shukarsa ta mutu da ciwon yaushi ko ruɓewar saiwa kar ka haɗa shi da sauran, fitar da shi nesa da wurin.